Na nemi adireshinsa don in je jaje, aka ce sirri ne

Ranar Talata ce da hantsi, a kamfanin da nake aiki a Ingila, aka kira dattijon da teburinsa ke jikin nawa zuwa ƙaramin ɗakin taro mai bangon gilashi. Muna hango su, ba ma jin abin da ake faɗa. Mata biyu ne a ciki, shugabarmu da wata daga sashen kula da ma'aikata, da takardu a gabanta. Ko minti 20 ba a yi ba ya fito. Ya zo ya ɗauki kofin shayinsa da hoton jikarsa da wani ɗan tsiro da yake ba ruwa kowace safiya, ya zuba su a jakar yadi, ya miƙa kwamfutar kamfani, ya dafa kafaɗata ya ce in ci gaba da ƙoƙari. Shekara 11 ya yi a wurin. Shi ya koya mini yadda ake shirya aiki kafin a kai wa kwastoma, shi yake gyara mini Turancin imel ba tare da kowa ya sani ba.

Daga baya muka ji dalili. Wani babban kwastoma mai sayar da kayan ɗaki ya janye kwangilarsa, kuɗin shiga ya ragu, sai aka duba wanda albashinsa ya fi nauyi. Ashe an yi makonni ana zama da shi a asirce kamar yadda dokarsu ta tanada. Ba a ci masa ko sisi ba, wannan zan iya shaida. A Ingila wanda ya kai shekara 2 a wuri yana da haƙƙin kuɗin sallama idan aka rage ma'aikata, kuma shekarun da mutum ya yi aiki yana ɗan 41 zuwa sama ana lissafa masa albashin mako ɗaya da rabi a kan kowace shekara, da iyakar da gwamnati ta yanka. An bi komai daki-daki. Kafin azahar an goge teburin tas.

Washegari aka zagaya da wani kati a cikin ambulan, kowa ya rubuta layi ɗaya ya saka fam 5 ko 10. Na rubuta nawa, amma raina bai kwanta ba. Na tashi na je wurin matar nan ta sashen ma'aikata na ce ta taimaka mini da adireshin gidansa, ina so in je in yi masa jaje. Ta dube ni da mamaki, cikin ladabi ta ce dokar kare bayanan mutane ba ta ba ta dama ba. Na koma na tambayi waɗanda suka shekara bakwai, takwas suna cin abincin rana tare da shi. Wallahi babu ko mutum ɗaya da ya san ƙofar gidansa.

Abin nan ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan, musamman saboda ƙannena masu zane a kwamfuta da ke Titin Gidan Zoo da Fagge da Sabon Gari, waɗanda kullum saƙonsu ɗaya ne a WhatsApp: Yaya, a samo mana hanya.

Bari in kwatanta muku wurin. Kamfanin tallace-tallace ne a Mancesta, a wata unguwa da ake kira Ancoats. Ginin tsohuwar masaƙa ce ta jan bulo, irin waɗanda aka fara ginawa tun ƙarshen ƙarni na 18 lokacin da garin yake kaɗa auduga yana sayar wa duniya yadi, har da ƙasashenmu. Yanzu an fitar da injina an zuba tebura. Tagogi dogaye, a ƙasa ga wata magudanar ruwa da aka haƙa don jiragen dakon kaya, yau agwagi ne ke yawo a kai. Babu ofishin oga daban. Daraktan da kansa yana zaune a tsakiyarmu da wandon jins, kuma da sunansa gatsau ake kiransa, har 'yar shekara 22 da ta zo jiya. Na yi wata uku ina kauce wa kiran sunan nan, sai in jira mu haɗa ido sannan in yi magana. Akwai injin kofi, akwai kwandon ayaba da tuffa kyauta, akwai teburin ƙwallon tebur. Wasu da karnukansu suke zuwa aiki, karen ya kwanta a ƙarƙashin tebur, ni kuwa ina ta tattare ƙafar wando saboda sallah. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, sai ka ga azahar da la'asar da magariba duk sun same ka a ofis, ina yin su a wani ɗan lungu inda ake ajiye kwalaye.

Kowane minti 15 na yininka sai ka rubuta a kwamfuta aikin wane kwastoma ka yi da shi, domin da wannan ake cajin kuɗi. Matakan girma kuwa a rubuce suke: ƙaramin mai zane, matsakaici, babba, shugaban zane, har zuwa darakta. Duk wata shida za ka zauna da na sama da kai, a buɗe takarda, a ce ga abin da ka yi, ga inda ka gaza, ga abin da za ka cika kafin ka hau mataki na gaba.

Ba zan zama butulu ba. A shekara 3 an ƙara mini girma sau biyu, ban kai wa kowa gaisuwa gida ba. Albashi ranar da aka ce ranar yake shiga. Doka ta ba mai cikakken aiki hutun kwana 28 a shekara da biya, ana tara mini fansho, da aka yi mana haihuwa na samu mako biyu. Na ga yarinya ƙarama ta ce wa darakta shawararsa ba za ta yi ba a gaban kowa, ya yi shiru, ya ce gaskiyarta. Sunana yana jikin aikina. Duk wannan gaskiya ne.

To amma ni a shago na tashi. Daga 2013 zuwa 2021 ina gaban kwamfuta a wani shago a Titin Gidan Zoo, kun san irinsa, ba sai na faɗa ba. Manhajar zane ta CorelDraw, katin ɗaurin aure, kalanda, sitika, bana, fastar fim, tambarin masu ruwan leda. Maigida bai taɓa yanka mini albashi ba. Ran da aka samu a ba ka, ran da babu a ce ka yi haƙuri. Akwai watannin da abin da na samu bai kai naira 18,000 ba, mafi ƙarancin albashin gwamnati na lokacin. A kakar zaɓen 2015 mun yi kwanaki muna kwana a shago, janareta na ruri, muna buga fastocin 'yan takara, wasunsu har yau ba su cika kuɗin ba, mu ma namu ya bi ruwa. Na zana tambarin da har gobe ina ganinsa a jikin motocin wani kamfani, ba wanda ya san hannuna ne. In Maigida ya fusata kuwa, a gaban kwastoma zai wanke ka tas. Ban manta ba, kuma ba na cewa daidai ne.

Sai dai wannan mutumin shi ne ya ce in riƙa barin shago ina tafiya lakca a Jami'ar Bayero, in dawo da yamma in ƙarasa aiki, har na gama digiri. Da aka kwantar da mahaifina a Asibitin Murtala, ban gaya masa ba, a bakin yara ya ji. Bayan isha'i sai ga shi da kwanon abinci da kuɗi a ambulan, ya zauna a bakin gado yana kiran mahaifina Yaya, alhali ba su haɗa komai ba. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, rufe shago ya yi, shi da yaransa duka, da shi aka ɗauki makara, ya yi kwana uku a kan tabarma yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Da na tashi aure shi ya shiga gaba wajen neman, shi ya cika sadaki.

Kuma na ga yadda girma yake ƙarewa a can. Babban yaron shagonmu, wanda na tarar, da ya kai munzali Maigida ya kira mu duka bayan la'asar, aka yi addu'a, ya ba shi kwamfuta ɗaya da firinta, ya biya masa hayar shago ta shekara, ya ce wa kwastomomi biyu daga yau can za ku riƙa kai aikinku. Abin da ake yi a Kantin Kwari da Singa da Ƙofar Ruwa tun kafin a haife mu. Yau wannan bawan Allah yana da nasa yaran, kuma duk sallah sai ya je ya durƙusa ya gaishe da Maigida. Kalmar ɗaya ce, sallama. A Kano in an sallame ka, ka zama maigidan kanka, da jari da albarka. Dattijon nan Bature shi ma sallamarsa aka yi, yana ɗan shekara hamsin da wani abu, ya sauka daga bene da tsiro a jaka.

Na san abin da za a ce. Wani abokina da muke tare a nan ya ce mini wannan bauta ce aka shafa wa zuma, ya ce sa'a na yi na faɗa hannun mutumin kirki, yara nawa ne suka yi shekara goma a shago aka kore su hannu rabbana, ba takarda ba kotu? Akwai su, na san wasu. Amma ko da hakan, a Kano maigidan da ya yi haka yana da inda za a kai ƙararsa: akwai liman, akwai shugabannin kasuwa, akwai iyayen yaron da za su zo ƙofar gidansa, akwai kunyar majalisa. Zai fita ɗaurin aure a nuna shi da baki. Matar da ta sallami dattijon nan ba ta da wanda za ta ji kunyarsa, domin ba ta yi laifi ba, lissafi ne ya faɗa ta bi.

Sannan kada wanda ya ruɗe ku cewa nan babu uwa a gindin murhu. Duk Alhamis da yamma ana tashi daga aiki a wuce mashaya. A can ake sabawa, a can ake jin kwangilar da ke tafe, a can darakta yake gane wanda jininsu ya haɗu. Na je sau biyu na riƙe lemo, na ga ba wurina ba ne, na daina. A zaman wata shida na baya an rubuta mini cewa aikina yana da kyau amma ya kamata in ƙara shiga jama'a. Ni da na tashi a unguwar da ba a rufe zaure, ni ake koya wa shiga jama'a a takarda. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ga kuma abin da ƙannena ba sa lissafawa. Bizar da nake kai a ɗaure take da kamfanin nan. In aka kira ni ɗakin gilashin gobe, galibi kwana 60 ake ba mutum ya samu wani kamfanin da zai tsaya masa, ko ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar. Dattijon ɗan ƙasa ne, gidansa zai koma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tun ranar Talatar nan, duk lokacin da matar nan ta ratso ta tsakanin tebura da takardu a hannu sai gabana ya faɗi.

Na lalubo dattijon a LinkedIn, shafin zumunta na ma'aikata, na tura masa saƙo, na ce a garinmu in abu ya samu mutum zuwa ake yi da ƙafa, ina so in zo. Bayan kwana huɗu ya amsa. Ya ce saƙon ya taɓa zuciyarsa, ya ce ni kaɗai na nemi zuwa, amma kada in wahalar da kaina. Na karanta a cikin jirgin ƙasa na cikin gari, ana yayyafi, na rasa abin da ke mini daɗi.

A daren ne na kasa barci, domin akwai abin da ban faɗa ba. Ni Maigida bai sallame ni ba. Na nemi makaranta a ɓoye, muka sayar da filin gado, biza ta fito, ban gaya wa Maigida ba sai ana saura kwana shida in tashi. Tsoro nake kada ya hana, ko ya ce in bari sai baɗi. Yana zaune a kan benci a ƙofar shago na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ashe har mun kai haka da kai?" Ya sa hannu a aljihu ya ba ni abin da ke ciki, ya ce Allah ya tsare. Daga baya yaran shago suka gaya mini ya riga ya fara cinikin wani shago a Hotoro da sunana.

Shekara huɗu ina aika gaisuwa ta bakin mutane, ina jin nauyin kiransa. A daren nan na kira. Ya daɗe yana ƙara kafin ya ɗauka, ina jin ƙarar Adaidaita Sahu a bayansa.

Na ce, "Alhaji, barka da dare, ni ne."

Ya ce, "Ɗana, kai ne? Ya sanyi? Ya mai sunan Yaya, ya fara tafiya?"

Bai ta da maganar ba, ni ma na kasa. Ya ce idonsa ya fara ba shi matsala, yanzu yara ne ke duba masa kala kafin a buga. Ya tambaye ni ko ana ba mu hutu a wurin aikin, na ce ana bayarwa, kwana 28. Ya ce to in na samu in zo, akwai maganar da ba ta waya ba ce. Da safe kafin in buɗe aikin kowa na cike takardar neman hutu, na sa mako uku daga ƙarshen azumi.