Ma'aikatan doka ne suka yi kisan

Na ji daɗin labarin yadda gidan tarihin Holokos (kisan kiyashin da gwamnatin Hitler ta Jamus ta yi wa Yahudawa) na birnin Washington ke koyar da 'yan sanda darasin wannan kisa tun 1999, daga baya har da alƙalai. Masu cewa ɓata lokaci ne, don Allah ku dubi abin da ya faru a garin Józefów na ƙasar Poland a Yulin 1942. 'Yan sandan Hamburg ta Jamus ne, bataliya ta 101, akasarinsu magidanta masu iyali, aka ba su umarnin harbe Yahudawan garin. Kwamandansu, Manjo Trapp, ya ce wanda ba zai iya ba ya koma gefe. Cikin kusan mutum 500, kimanin 12 kacal suka fita daga sahu. Kafin dare an harbe Yahudawa wajen 1,500, har da mata da ƙananan yara. Innalillahi!

Alƙalan Jamus kuwa tun 1934 suka yi wa Hitler rantsuwar biyayya. Amma a 1940 alƙali Lothar Kreyssig ya fito fili ya ƙalubalanci kashe nakasassu da gwamnatin Hitler ke yi, kuma ritaya kawai aka yi masa. Ina fata ana nuna wa kowane sabon alƙali wannan tun kafin ya hau kujera.