Wai telen da can ta fi tarbiyya?

Jama'a ku bar ni in faɗi tawa a kan maganar nan da ta ƙi ƙarewa a Facebook da guruf ɗinmu na WhatsApp nan Garwa. Duk sanda wata tauraruwa ta auri wanda ta girma sai kaga dattawan intanet sun fito da ƙarfinsu, wai duniya ta lalace, wai su a zamaninsu abin da ake nunawa a tele mai tsabta ne. Haba dai Alhaji. Mu ma fa mun kalli telen nan, ba labari aka ba mu ba.

A 1985 tele ta fara aiki a Kamaru, lokacin CTV ake ce mata, sai 1987 ta koma CRTV. Tasha ɗaya tal, abin da suka sa shi za ka kalla ko kana so ko ba ka so. A unguwarmu gidan da ke da ita kowa ya san shi, bayan isha'i a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur a yaye ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi saboda ƙura, yara a gaba kan tabarma, mata a gefe suna ɓarar gyaɗa, maza can baya a benci suna yi kamar ba kallo suka zo ba. In hoto ya fara yayyafi sai a tura yaro ya juya sandar eriya ana masa ihu, ya yi, a'a koma baya, tsaya nan! Rabinmu ba ma jin Faransanci sai wani ɗan lise, wato ɗan sakandare, ya riƙa fassarawa da Hausa yana surkawa da Fillanci, shi ma wallahi rabi ƙari yake yi. Ina kewar wannan zaman sosai, ban musa ba.

To amma me muke kallo? Dynasty, fim ɗin Amurka mai dogon zango. Blake mai furfura, attajirin man fetur, da matarsa Krystle wadda da sakatariyarsa ce. Wanda ya fito a Blake, John Forsythe, an haife shi a 1918, ita kuma Linda Evans a 1942, shekara 24 kenan tsakani. Ban taɓa jin wani a kan tabarmar nan ya ce uffan ba, mata ma haushinsu duk yana kan Alexis tsohuwar matarsa, suna tsine mata kamar kishiyarsu ce. Ita kuma Thalía ta fim ɗin Marimar da aka riƙa barin tuwo yana ƙonewa saboda ita, a 2000 ta auri Tommy Mottola wanda ya ba ta fiye da shekara 20, kowa ya ce ta yi sa'a. Céline Dion da kasat ɗinta ke tashi a motocin Marwa da Ngaundere fa? Mijinta René Angélil shekara 26 ya ba ta, sun yi aure a 1994 suna tare har ya rasu a 2016, kuma tun tana da shekara 12 yake manajanta. Wannan na ƙarshen ni har yau bai kwanta min a rai ba, amma lokacin soyayyar gaskiya ake kiranta.

Kenan ba tazarar ce ke damun mutane ba, wanda ya girmi wani ne matsalar. Ku duba Trump da Melania, shi 1946 ita 1970. Ku duba Macron da Brigitte, shi 1977 ita 1953. Shekara 24 nan, 24 can, daidai wa daida. Amma wa ake yi wa hoton ba'a ana cewa kakarsa ce? Kuma in ma akwai abin tambaya a labarin Macron ai shi ne yana ɗalibi ɗan shekara 15 suka haɗu ita tana koyarwa a makarantarsu, amma masu zagin ba wannan suke kawowa ba, fuskarta kawai suke yi wa dariya. Priyanka Chopra shekara 10 kacal ta ba Nick Jonas, da suka yi aure a 2018 sai da masoya fim ɗin Indiya na nan suka yi ta jimami kamar an yi rasuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki mu ne muke karanta sira muna jin cewa Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, ta girmi Manzon Allah SAW, amma bazawara a unguwa ta auri saurayi sai a ce asiri ta yi masa, ko kuɗinta yake bi, har uwarsa a zuga ta je ta raba. Shi kuwa mai shekara 60 in ya ƙaro ta uku sa'ar jikarsa, an ciro ta daga aji ana tsakiyar shekarar karatu, barka ake zuwa yi masa har da goro. Wa ya tambayi yarinyar? Chadi ta kafa dokar hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba a 2015, mu ma dokar hukunta laifuka ta 2016 ta hana, amma ku da ni mun san abin da ake yi a bayan zaure. Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa a kan auren dole ta yi littafin da ya ciyo mata kyauta a Faransa a 2020, su can sun karanta sun tafa, mu nan muna ta lissafin shekarun matar Macron.

Ni dai baligai biyu da suka ga juna suka ce sun yarda ba ruwana da takardar haihuwarsu, ko shi ya girma ko ita. Wadda nake so a yi magana a kanta ita ce mai kuka a ɗaki ranar ɗaurin aure ana ce mata ki yi haƙuri za ki saba. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya kawo hujjarsa, amma dan Allah banda zagi.