Fari ba ya ƙyasta ashana

Har yanzu raina a ɓace yake da maganar malamin nan na rediyo jiya, wai gobarar dajin Amazon fari ne kawai, ba laifin kowa. Haba malam! Yaushe fari ya taɓa ƙyasta ashana?

Ba wanda ya musa an yi fari. A Oktoban 2023 kogin Negro a birnin Manaus na ƙasar Brazil ya janye har tsayin ruwansa ya koma mita 12.7, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna shi a 1902, a 2024 kuma ya ƙara yin ƙasa. Jiragen ruwa suka kafe a kan yashi. Amma dajin can ba irin namu ba ne da ciyawa ke bushewa ƙayau da hunturu. Rassa sun rufe sama ruf, rana ba ta kai ƙasa, ganyen da ya zube kullum a jiƙe yake. Ko aradu ta faɗa, da wuya wuta ta kama. Sai masu katako sun sare manyan bishiyoyi, rana ta samu ƙofa, ƙasa ta bushe, sannan mai shanu ya cinna wuta don share makiyaya, ita kuma ta tsallaka daji. Sau da yawa ba ta wuce gwiwa, rarrafe take yi, amma bishiyoyin can ɓawonsu ba kauri, ba su san wuta ba. A tsaye suke mutuwa, baɗi su zama makamashi. Kuma su ne fa ke mayar da danshi sama ya dawo ruwa, kowace aka rasa an rage damina.

Za a ce mini ai El Nino ne, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke jawo fari a wasu ƙasashe. Na ji, shi ya busar. Wa ya kunna? Haka aka yi ta faɗa a Indonesiya a 2015, alhali mutane ne suka haƙa magudanai suka tsane fadamu don shuka kwakwar manja. Wuta ta shige ƙarƙashin ƙasa tana ci wata da watanni, hayaƙi ya kai har Singafo, aka rufe makarantu. Hannun mutum ne, malam, hannun mutum!

Kawuna yana fataucin goro a Kumasi lokacin fari da gobarar 1983. Har ya rasu, in ya tuna gonakin koko da ya gani sun koma toka, sai ya ajiye goron da ke hannunsa ya yi shiru. Allah ya jiƙan Kawu.