Abin da Le Joola ya koya mana game da lodin jirgi

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife, bakin kowa ɗaya ne: lodi ya yi yawa. Gaskiya ne, sai dai ba a cika tambayar inda aka ɗora lodin ba, alhali sau da yawa nan gizo ke saƙar.

Jirgi yana tsaye ne tsakanin abu biyu. Nauyinsa na danna shi ƙasa, ruwa na turo shi sama. In igiyar ruwa ta karkatar da shi, gefen da ya nutse shi ke samun turi mafi ƙarfi, wannan turin kuma shi ke mayar da jirgin daidai. Amma da sharaɗi: nauyi ya kasance can ƙasa, kusa da gindi. Shi ya sa ake dasa inji a ƙasa, ake kuma cika wasu tankunan cikin jirgi da ruwan teku don su riƙe shi. Wanda ya taɓa ganin motar kasuwa da aka jibga wa buhuna a kan rufi tana shan kwana ya san sauran bayanin.

Jirgin Le Joola na ƙasar Senegal ya bar Ziguinchor zuwa Dakar ranar 26 ga Satumba, 2002. An ƙera shi a Jamus don fasinja 536, amma ya kwashi kusan ninki huɗu. Da yawansu suna benen sama, domin can ne mai tikiti mai araha ke samun iska da wurin shimfiɗa. Da hadari ya taso cikin dare a gaɓar Gambiya, cikin 'yan mintuna jirgin ya juye. Gwamnati ta ce mutum 1,863 suka rasu, fiye da na Titanic. Mutum 64 kacal suka tsira. Sojojin ƙasar ne ma ke tafiyar da jirgin, ba wani ɗan kasuwa mai kwaɗayin riba ba.

Nauyin da ke motsi ya fi kowane haɗari. Fasinja su ruga gefe guda don gudun ruwan sama, ko ruwa ya shiga ya riƙa kai-komo a bene. Haka ya faru da jirgin Herald of Free Enterprise a Zeebrugge ta Beljiyam a 1987: an tashi ba a rufe ƙofar gaba ba, ruwa ya malale benen motoci, mutum 193 suka mutu.

Tun 1876 dokar Ingila ta wajabta zana layi a jikin jirgi, wanda in ruwa ya rufe shi an wuce ƙa'ida. Mu da muke jana'iza kusan kowace damina a Kebbi, Neja da Kwara, me zai hana NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Najeriya, ta tilasta irin wannan layi a kowane kwale-kwalen haya? Fenti ne kawai. Rigar kariya da ake ta rabawa tana da amfani, amma sai bayan an kife. Ni da zan zaɓa, a fara da mutum ɗaya a kowane mashigi, mai ikon cewa babura da buhuna su sauka ƙasan jirgi, mutane su zauna daidai hagu da dama, in direba ya ƙi kuma a hana shi tashi.