Ƙannena 'yan ajin kimiyya, ku daina afka wa fomula

Takardun jarrabawar gwaji na Fiziks da aka duba makon nan a wata sakandare ta karkarar Dambatta abin kuka ne. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, wallahi kuna da ita. Ciwon guda ne: yaro bai gama karanta tambaya ba, bai zana komai ba, sai ya zubo fomular da ya haddace ya cusa mata lambobi. Karatun aku ke nan.

Ga tambayar da ta kayar da ku. Kurar ruwa mai kilo 200 tana gudun mita 3 a sakan, ta yi gaba-da-gaba da wata mai kilo 100, ita ma mita 3 a sakan, suka manne. Nawa ne gudunsu bayan karon? Momentam nauyi ne sau gudu, amma yana da alƙibla. Da kun zana kibau biyu suna kallon juna, da kun ga dole ɗaya ta ɗauki alamar ɗebewa: 600 a cire 300, saura 300, a raba da kilo 300, amsa mita 1 a sakan. Ku kuwa kun tara, kun samu 900, kun rubuta mita 3 a sakan. Haba! Kura ta yi karo amma gudunta bai ragu ba? Ko ɗan garuwa da bai taɓa shiga aji ba zai ce maka ƙarya ne. Sauri ya haifi nawa. Wasu har suka ce makamashin motsi bai canza ba, alhali jul (ma'aunin makamashi) 1350 ne kafin karo, bayansa 150. Sauran ya tafi a ƙara da zafi da lanƙwashewar ƙarfe. In abubuwa sun manne, momentam kawai ake adanawa.

Haka kuka yi da jifa. Kai da kake korar tsuntsu a gonar gero da majajjawa! Dutse ya tashi da mita 20 a sakan a kusurwar digiri 30. Raba gudun gida biyu tukuna: na sama 20 sau sin 30, wato 10, na gaba 20 sau cos 30, wato 17.3. In g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara gudun abin da ke faɗowa, goma ce, sakan 1 ya kai ƙololuwa, tsayin mita 5, sakan 2 ya faɗo, nisa mita 34.6. A ƙololuwa gudun sama ne ya zama sifili, na gaba yana nan. Kuma in daga kan soro aka yi jifan, fomular nisa da kuka haddace ba ta aiki, don inda dutsen zai faɗa ba tsayinsu ɗaya da inda ya tashi ba. Zane ne kaɗai zai nuna maka wannan.

Wani ma kalkuletarsa na kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, ba digiri ba, sin 30 ta ba shi −0.988 maimakon 0.5, ya kwafa bai ko ɗaga gira ba. Ina zai lura, ya kwana a TikTok, ya dogara da satar amsa ranar NECO? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku nutsu, ku ji tsoron Allah a kan wahalar iyayenku. Yayyenku da suka fita daga makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da fitilar ƙwai da littafin teburin lissafi suka yi karatu. Rula da fensir ba sa barin aljihunsu, kuma malami ba ya ko duba amsar da babu zane a samanta.