Kuɗin zare kaɗai ba ya yanke farashin saƙa

Yana damuna yadda masu aikin hannu da suka fara sayar da kayansu ke ɗauka cewa muddin abin da aka biya ya haura kuɗin kayan aiki, to an ci riba. Ba laifinsu ba ne, don sanda ake yin abu saboda sha'awa ba wanda ke lissafin lokaci.

Amma a kasuwanci lokaci ma jari ne. Mai saƙa rigar sanyin jariri tana iya shafe awa 10 a kai. In zare kawai ta lissafa, ta bar kuɗin aikawa da guminta, kyauta ta yi aikin. Masu saye su ƙaru, baya ya riƙe, aljihu kuwa yana nan yadda yake. Ladan awa ake fara yankewa, a haɗa da kayan aiki, sannan a ɗora riba.