Bayan an toshe jijiyar hanta, zazzabi iri biyu ne

Kansar niyuroendokirin, wato wadda ke tasowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadaran homon, idan ta bazu zuwa hanta, mafi yawan jininta daga babbar jijiyar jini ta hanta take sha. Shi ya sa likitoci ke zura siririn bututu ta matsematsi ko wuyan hannu su toshe jijiyar, ko su zuba ƙananan ƙwayoyin Y-90 masu fitar da radiyeshan da ke kashe kansar. Aikin kansa ba shi ne abin da ke damuna ba. Makonnin da ke biyo baya ne.

A nan ƙasar da nake zaune, ana sallamar mara lafiya da lambar wayar nas da ranakun gwajin jini a rubuce. Namu da ke zuwa neman magani kuwa, da yawa sai su hau jirgi bayan kwana 4, babu takardar da ta bayyana abin da aka yi musu. Wannan kuskure ne babba.

Zazzabi, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tashin zuciya da amai a kwanakin farko abu ne da aka sani, yakan lafa cikin mako 1 zuwa 2. Ruwa, maganin amai da na ciwo sun isa, amma a guji su ibuprofen da diclofenac saboda ƙoda da ciki. Zazzabin da ya tafi ya dawo da rawar sanyi daban ne. A gida nan take za a ce cizon sauro ne ko taifot, alhali wataƙila mugunya ce ta taru a hanta, musamman ga wanda aka taɓa yi wa tiyatar Whipple (wadda ake cire wani ɓangare na pancreas da hanji) ko aka sa masa bututu a hanyar matsarmama, domin ƙwayoyin cutar hanji na hawowa ta nan. Wannan sai hoton CT, maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, da zuƙe mugunyar.

Y-90 ya fi sauƙi da farko, illarsa kuma takan makara. Tsakanin mako 4 zuwa 8 ido na iya yin ruwan ɗorawa, ciki ya tara ruwa, ba don kansar ta ƙaru ba. Zafin ciki da baƙin bayan gida na nuna ƙwayoyin Y-90 sun kauce hanya sun yi gyambo a ciki.

Wanda sinadaran da kansar ke fitarwa ke sa shi yawan gudawa da jan fuska kuma, kada allurar octreotide, wadda ke danne su, ta yanke masa. Awon bugun jininsa (BP) na iya faɗuwa farat ɗaya, don haka duk likitan da zai sake taɓa shi a faɗa masa tun kafin a sa shi barci.